Rage Ƙiba: Yadda Jiki Ke Sabawa da Awon Abinci da Motsa Jiki

Mafi yawan masu niyyar rage ƙiba ba a makon farko suke sarewa ba. Makon farko da daɗi yake zuwa: sikeli ya sauka da kilo ɗaya ko biyu, wando ya ɗan saki. Sai dai akasarin abin da ya tafi ruwa ne, domin jiki yana adana sukari a hanta da tsoka haɗe da ruwa mai yawa, kuma wannan ajiyar ce ke fara ƙarewa. Bayan 'yan makonni sikeli ya fara nawa, yunwa ta tsananta, mutum ya soma tuhumar kansa da rashin juriya. A wannan gaɓar ake zubar da shiri, alhali abin da ke faruwa aikin jiki ne da likitoci suka daɗe da ganowa.

A shekarar 1994, Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano wani sinadari mai suna leptin, wanda kitsen jiki ke fitarwa domin sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. A 1999 kuma masana a Japan suka gano girelin, sinadarin da ciki ke fitarwa yana tayar da yunwa. Idan kitse ya ragu, leptin ya yi ƙasa, girelin ya hau. Jiki ba ya bambanta mai rage ƙiba da wanda fari ya afka wa, don haka sai ya ƙara kwaɗayin abinci, ya kuma rage ƙarfin da yake ƙonawa.

Wannan hali ba na kwana biyu ba ne. Wani bincike da aka yi a Melbon ta Ostareliya, aka wallafa a 2011, ya bi mutanen da suka rage kimanin kilo 13 cikin makonni 10. Bayan shekara guda, sinadaran yunwarsu ba su koma yadda suke a da ba, kuma suna jin yunwa fiye da kafin su fara. Darasin a fili yake: duk tsarin da aka gina a kan horon kai da yunwa mai tsanani zai rushe. Wanda zai ɗore shi ne wanda mutum zai iya rayuwa da shi shekara da shekaru.

A nan awon abinci ya fi ƙaurace wa abinci. Barbara Rolls ta Jami'ar Jihar Pennsylvania ta nuna a 2002 cewa idan aka ƙara wa mutane yawan taliyar da aka zuba musu, sukan ci kusan kashi 30 cikin 100 fiye da abin da suke ci daga ƙaramin zubi, kuma ba su jin sun fi ƙoshi. Ido da girman kwano suna yanke hukunci kafin ciki ya ce uffan. Mu da muke haɗuwa a tire ɗaya, abin ya fi wuyar lura, domin ba wanda ya san iyakar lomarsa. Ga kuma karamci: a cika wa baƙo kwano, a ce ya daure ya ƙara, shi kuwa kunya ta hana shi tsame hannu.

Ba sai an daina tuwo ba. Abin da masana abinci ke ba da shawara shi ne a raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu abinci mai gina jiki, sauran kuma hatsi. Wato malmala ɗaya madaidaiciya maimakon biyu, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe a wadace, ga kwaɗon zogale ko rama a gefe, ga wake ko kifi ko ƙwai ko awara. Ganye da wake suna cika ciki, suna kuma jinkirta dawowar yunwa. A zuba rabo a kwano daban tun daga tukunya, a ci a natse, domin saƙon ƙoshi yakan ɗauki lokaci kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Musulmi ya riga ya san koyarwar kasa ciki uku, tsakanin abinci da ruwa da numfashi.

Abubuwa biyu suka fi ɓoye ƙiba: mai da sukari. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitacin da ke cikin hatsi kuwa 4. Babban cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa ya kai kalori 120, saboda haka ludayin da ake tsiyayawa a miya ko a kan shinkafa da wake ba tare da awo ba yana iya rushe ƙoƙarin yini. Sukari kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da ake ci a rana, kimanin giram 50 ga babban mutum. Robar lemo ɗaya mai rabin lita takan cinye wannan kason baki ɗaya, ba a zo kan shayi da koko da zoɓo da fura ba. Abin sha ba ya ƙosarwa kamar abin taunawa, shi ya sa nan ne wuri mafi sauƙin farawa.

Motsa jiki yana da nasa matsayi, amma a san iyakarsa. Tafiyar sauri ta rabin awa tana ƙona kalori kusan 150 ga mai matsakaicin nauyi, ƙasa da abin da ke cikin waccan robar lemo. Amfaninsa na haƙiƙa shi ne kare tsoka kada ta zube tare da kitse, saukar da hawan jini, taimaka wa jiki sarrafa sukari, da hana ƙibar dawowa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti goma bayan sallar asuba ko da sanyin la'asar, ya riƙa ƙarawa. Matar da ba ta cika fita ba tana iya zagaya tsakar gida, ta yi tsallen igiya idan gwiwa ba ta ciwo, ko ta riƙa tashi da zama daga kujera.

Sabo na buƙatar lokaci. Binciken Phillippa Lally a Landan ya gano cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu ma fiye da wata takwas, kuma tsallake rana ɗaya ba ya ɓata tafiyar. Saboda haka wanda ya wuce gona da iri a biki ko suna ya koma kan awonsa washegari, ba tare da ramuwa da yunwa ba. A guji shayin rage teɓa da ake tallatawa, domin da yawansu gudawa suke sawa, ruwa suke fitarwa ba kitse ba. Mai shan maganin ciwon suga ko allurar insulin, mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, su fara ganin likita kafin su sauya ci ko su shiga atisaye.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne lafiya ba ta jiran sai an rame. A wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002, an bi mutane fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. An nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, yayin da na wani rukunin da aka ba maganin metformin ya ragu da kashi 31. Ga mai kilo 90, wannan bai wuce rage kilo shida da 'yan kai ba. Buri ne da magidanci ko uwargida za su iya cim ma cikin watanni, musamman idan mai girki da masu ci sun yi shawara tare, aka daina ɗaukar rage zubi a matsayin rowa ko raini.