Solomon Lar, Lauyan da Ya Mulki Filato

An haifi Solomon Daushep Lar a yankin Langtang a 1933. Malamin makaranta ne kafin a zaɓe shi ɗan majalisar wakilai a 1959. Da sojoji suka kifar da gwamnati a 1966, sai ya tafi Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya karanta shari'a, ya buɗe ofishin lauya a Jos.

A 1979 ya ci zaɓen gwamnan Filato a jam'iyyar NPP. Ya tsaya tsayin daka wajen kare haƙƙin ƙananan ƙabilu, abin da har yau ake yaba masa. Bayan juyin mulkin 1983 gwamnatin Buhari ta ɗaure shi. Shi ne shugaban PDP na farko a 1998. Ya rasu a Amurka a 2013.