Ɗaye Fatar Fuska da Asid: Abin da Amare Ba Su Sani Ba

Kwanan baya wata tsohuwar ɗalibata ta zo gaishe ni, ta rufe rabin fuska da mayafi kamar mai ciwon haƙori. Saura mako 3 bikinta. Da uwargida ta matsa mata sai ta yaye. Kumatunta biyu sun yi baƙi ƙirin, gefen hanci ya saluɓe. Wai wata mai gyaran amare ce a nan Zango ta shafa mata wani ruwa, ta ce tsohuwar fata za ta ɗaye, sabuwa ta fito fes kafin ranar buki. Na ce, "Ke 'yar nan, mene ne a cikin kwalbar?" Ta ce, "Wallahi Malam ban sani ba." Da aka bincika, ita ma mai shafawar ba ta sani ba.

To, jama'a, shi wannan aiki asalinsa na likitoci ne, kuma ba sabo ba ne. Tun a 1882 wani likitan fata na Jamus, Paul Unna, ya yi bayanin sinadaran da ke ɗaye fata. Kamar yadda muke koya wa yara a aji, fata hawa-hawa ce, kuma hawan sama yakan sabunta kansa cikin kimanin wata guda. Likita yakan shafa asid don ya kashe wannan hawa da wuri, jiki ya toho da sabo. Wato dai ƙuna ce, amma wadda aka auna ƙarfinta da mintocinta.

Mafi sauƙi shi ne wanda ke tsayawa a sama-sama, da asid irin su gilaikolik da ake samu a rake, da laktik na nono mai tsami, da salisilik, ɗan'uwan asfirin, mai taimakon masu ƙuraje. Wannan yakan warke cikin mako guda. Matsakaici, wanda ake yi da TCA, yakan ci mako 1 zuwa 2. Mai zurfi kuwa da finol ake yi, yana iya rikita bugun zuciya, yana kuma barin fari a fuska har abada. Ba a saba yi wa baƙar fata shi ba.

A nan ne maganar take. Hotunan da 'yan matanmu ke gani a waya yawanci na Turawa ne, alhali fatarmu daban take karɓar rauni. Mai karatu, duba ƙafar yaron da ya sosa cizon sauro. Baƙin tabo ne zai yi watanni. Dalili kuwa, ƙwayoyin da ke ba mu launi, da zarar fata ta ji ciwo sai su ƙara zuba baƙi a wurin. Saboda haka asid ɗin da aka shafa don ya goge tabon ƙuraje, in ya yi ƙarfi ko ya daɗe, sai ya haifi tabon da ya fi na da. Bugu da ƙari, wasunmu jikinsu na yin tabo mai tudu, irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne. Mai irin wannan jiki ya yi nesa da asid mai ƙarfi.

Sa'an nan ga man bilicin. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta hana shigo da kayan shafa masu haidurokwinon, amma kowa ya san abin da ke ƙarƙashin tebur a kasuwa. Wasu mayukan kuma akwai sitiroyid a ciki, mai sa fata ta yi sirara kamar ɓawon albasa. A zuba asid a kan irin wannan fata, ai sai ya zarce. Ko a Amurka, a 2024 hukumarsu ta gargaɗi mutane kada su sayi masu ƙarfin su shafa ba tare da kulawar ƙwararre ba.

Ban ce kada a yi ba. Akwai likitocin fata a Korle Bu da Komfo Anokye. Likita zai tambayi man da kike shafawa, ya fara da mai rauni, ya maimaita sau da yawa da makonni a tsakani, ya kuma ɗora miki man kare rana kullum. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya ga mai tallar rana. Kuma a sani, aikin yana daidaita launi ne, ba ya mai da baƙa fara. Dilka da sabulun salo, ko ba komai, matacciyar fatar sama kawai suke gogewa.

Ɗalibar tawa dai an kai ta asibiti. Likita ya ce baƙin zai dushe, amma sai an yi watanni. An ɗaura aure a ranar da aka sa, hoda ta rufe abin da za ta iya rufewa.