Urushalima: Ko Gani Ya Kai Ji?

Duk lokacin da aka ce an buɗe rajistar tafiya Ƙasa Mai Tsarki, sai magana ta tashi a ikilisiyoyinmu na Dutse da garuruwan kewaye. Wane zai tafi, wance ta sami kujera, wane kuma ya jinginar da gonarsa domin ya cika kuɗi. In sun komo a yi sujadar godiya, a raba tsaraba: man zaitun, da ɗan gicciye na itace, da ruwan Urdun a kwalba. Daga ran nan kuma sai a ga haruffa biyu, JP, sun manne a bayan sunan mutum, watau wanda ya ziyarci Urushalima. A gaban jama'a kowa yakan ce wurin ya wuce misali. Amma in an zauna a tsakar gida bayan 'yan barka sun watse, akan ji wata magana dabam. Wannan ta biyun ce muke so mu fito da ita fili, gama kuɗin kujera ɗaya yanzu miliyoyin naira ne, iyalin da za su fitar da su kuwa ya kamata su san abin da mutuminsu zai tarar.

Tafiyar nan ba tsohuwar al'ada ba ce a wurinmu. Nijeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ba ta maido ba sai 1992. A 2007 aka yi dokar da ta kafa hukumar tarayya mai lura da masu ziyara na Kirista, a 2013 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya tafi da kansa, abin ya ƙara yin suna. Maƙwabtanmu Musulmi suna zuwa Makka domin addininsu ya wajabta wa mai hali. Mu kuwa babu inda aka umarce mu. Wanda ya je, don ra'in kansa ya je, saboda haka daidai ne a tambaya ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Abu na fari da ke ba baƙo mamaki shi ne ƙanƙantar ƙasar. Isra'ila duka, faɗinta kusan ɗaya ne da na Jihar Jigawa. Daga Nazarat zuwa Urushalima a miƙe mil 65 ne, bai fi daga Dutse zuwa Kano da yawa ba. Daga Urushalima zuwa Baitalami mil 6. Tsohon birnin Urushalima kuwa, ganuwarsa wajen mil biyu da rabi ce a kewaye, ta Kano ta ninka ta nesa. Mu da muka tashi muna jin sunayen nan tun a makarantar Lahadi mun gina su a zuciya manya manya, sai ga shi mota tana ratsa littattafai uku na Tsohon Alkawari kafin abincin rana.

Kogin Urdun ne ya fi karya wa mutane gwiwa. Mun yi ta raira shi cikin waƙoƙinmu, mun ji yadda Joshuwa ya haye shi da jama'a sa'ad da ya cika ya tumbatsa. To, wanda ya taɓa tsayawa a gadar Wudil ko a bakin kogi a Ringim cikin watan Agusta, in an kai shi wurin baftisma da ke kusa da Yariko, sai ya yi ta dube dube yana neman kogin. Ruwa ne ja mai laka, ya bi tsakanin kyauro, faɗinsa 'yan yadi kaɗan, har mutanen da ke wancan ƙetare a ƙasar Jodan ana jin muryarsu suna waƙa. Dalilin kuwa mun san irinsa a gida. Tun 1964 Isra'ila ta soma jan ruwa daga Tekun Galili zuwa kudancin ƙasarta, Siriya da Jodan kuma suka tare rafin Yarmuk da ke zuba cikinsa, har abin da ke gangarowa ya kasa kashi ɗaya cikin goma na dā. Haka madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja. Akwai wani wurin baftisma mai tsabta da matakala da fararen riguna na haya, sunansa Yardenit, can inda kogin ke fita daga Tekun Galili. A 1981 aka buɗe shi domin masu ziyara, yana kuma da nisa ƙwarai daga jejin da Yahaya ya yi wa'azi.

Amma kada mu ɗora wa madatsai laifin duka. Ko a zamanin Elisha, da aka ce wa Na'aman ya je ya yi wanka a Urdun, fushi ya yi, yana ganin kogunan Dimashƙu sun fi shi. Shi ne baƙo na fari da muka sani wanda kogin nan bai ƙayatar ba. A cikinsa kuwa ya warke.

A Urushalima matsalar wata ce dabam. Birnin da Ubangijinmu ya taka, Romawa sun rushe shi a shekara ta 70, suka sāke gina wani a kansa wajen shekara ta 135. Ganuwar da ake ɗaukar hoto a gabanta yau, Sarkin Turkawa Sulaimanu ne ya gina ta wajen 1540. Hanyar da ake kira Hanyar Wahala, inda masu ziyara ke ɗaukar gicciye suna tsayawa a wurare 14, cikin kasuwa ta bi. Kana ƙoƙarin tuna shan wuyar Mai Ceto, mai kanti yana jan hannun rigarka, mai kura yana cewa a ba shi hanya. Wanda ya san ranar kasuwar Shuwarin ya san yanayin. Waɗansu abin yakan ɓata musu rai. Mu dai a ganinmu wannan kusan shi ne abin da ya fi kama da gaskiya a birnin, gama ran nan ma jajiberen idi ne, gari cike da baƙi, mutane suna cinikinsu aka wuce da shi.

A ƙarshen hanyar akwai Majami'ar Kabari Mai Tsarki. Sarki Kustantin ya gina ta fari, aka keɓe ta a 335, aka rushe ta a 1009, aka sāke ginawa. Mai bi daga Dutse yana zuwa da hoton tudu a fili da gicciye uku a kai. Abin da zai samu shi ne gini mai duhu, cike da fitilu da hayaƙin turare, da 'yar matakala mai tsayi wadda in ka hau aka ce maka ga Golgota. A bakin kabarin layi yakan kai awa ɗaya ko biyu, in ka shiga kuma kafin ka gama durƙusawa mai tsaro ya ce ka fito. Ɗariku 6 ne suke raba ginin: Girkawa, da Katolika, da Armeniyawa, da Kibɗawan Masar, da Suriyawa, da Habashawa waɗanda ɗakunansu suke bisa rufi. Saboda yawan jayayya a kan wanda ke da wace kusurwa, akwai wani tsani na katako a ƙarƙashin taga wanda yake nan tun ƙarni na 18, ba mai ikon kawar da shi. Mabuɗin ƙofar kuwa a hannun iyalai biyu na Musulmi yake, gidan Juda suke ajiye shi, gidan Nusaiba suke buɗewa kowace safiya, shekaru ɗaruruwa ke nan. Mu da ke zaune 'yan kaɗan a tsakiyar Musulmi, wannan labari yana da abin kunya a ciki, yana kuma da abin tunani.

Mutanenmu sun fi son Kabarin Lambu, wanda ke waje da Ƙofar Dimashƙu. Nan akwai itatuwa da furanni da wurin zama, ƙungiya takan yi waƙa da Hausa ta ci Jibin Ubangiji a natse. Da yawa sukan ce a nan ne hawaye ya zubo musu. Ba mu raina wannan ba ko kaɗan. Sai dai a sani cewa wurin bai yi suna ba sai bayan da wani janar na Ingila, Gordon, ya dubi dutsen da ke gefensa a 1883 ya ga kamar siffar ƙoƙon kai. Masu binciken tsofaffin gine-gine sun nuna kabarin ya girmi zamanin Yesu da shekara 600 ko fiye, alhali Bishara ta ce sabon kabari ne. Masu lura da lambun ma ba su rantse cewa shi ne ba. Majami'ar nan mai duhu da hayaniya ita ce shaida ta fi goyon baya, domin a lokacin wurin tsohuwar mahaƙar duwatsu ce a bayan ganuwa, da kaburbura a ciki. Watau wurin da ya yi kama da labarin ba lalle shi ne ba, wanda ya fi yiwuwa shi ne kuwa bai yi kama ba.

Haka Getsamani: 'yar gona ce da aka kewaye da shinge a bakin titi, da tsofaffin itatuwan zaitun 8. Da aka auna uku daga cikinsu a 2012, aka tarar na ƙarni na 11 da na 12 ne. Baitalami kuwa sai an wuce katangar siminti da shingen soja kafin a shiga. Ƙofar majami'ar haihuwa gajeruwa ce, ƙafa 4, kowa sai ya sunkuya, a ƙasa kuma cikin kogo akwai tauraron azurfa, da wani layin.

To, ina ne gani ya kai ji? Kusan duk waɗanda suka dawo bakinsu ɗaya: Galili. Ba a iya gina majami'a a bisa ruwa ba, don haka tekun yana nan yadda yake, mil 13 a tsawo, mil 8 a faɗi, tuddai sun kewaye shi, iska takan gangaro daga cikinsu ta tā da raƙuman ruwa ba shiri. A 1986 da fari ya janye ruwan, aka tono wani jirgin masunta na zamanin Yesu daga cikin laka, tsawonsa ƙafa 27, yana nan a ajiye ana gani. A Kafarnahum ga kangayen gidaje na baƙin dutse, ƙanana, manne da juna, da 'yar tsakar gida. Wanda ya gan su ba zai ƙara mamakin yadda mutum huɗu suka buɗe rufi suka zurara da shanyayye ba.

Hanyar Yariko ma haka. Cikin mil 17 takan gangara fiye da ƙafa 3,000, ta cikin jeji mai duwatsu da kwazazzabai, ba inuwa, ba ruwa. Sai ka ga dalilin da ya sa mafasa suka so ta, da kuma irin kasadar da Basamariyen nan ya yi da ya tsaya. A gindinta ga Yariko da gonakin dabino, mutumin Dutse sai ya ji kamar ya iso gida. Tekun Gishiri kuwa ba a yi masa ƙari ba ko kaɗan: shi ne wuri mafi zurfi a doron ƙasa, fiye da ƙafa 1,400 ƙasa da teku, mutum yakan kwanta a kansa bai nutse ba, ko da yake ruwan yana ja da baya wajen yadi guda kowace shekara.

A nan ne muka lura da wani abu. Abubuwan da suka fi taɓa zuciyar mai ziyara, watau makiyayi a gaban tumakinsa, rijiya a bakin gari, masussuka, dabino, dutse da ƙaya a gona, duka muna da su tsakanin Dutse da Jahun. Baturen da ya fito daga Landan sai ya biya kuɗin jirgi kafin ya ga mace tana ɗiban ruwa a rijiya da tsakar rana. Tsohuwar da ke ƙauyenmu, wadda ba ta taɓa ganin filin jirgin Dutse ba, ta riga ta fahimci sura ta 4 ta Yahaya fiye da shi. A surar nan kuwa aka gaya wa matar cewa lokaci yana zuwa da sujada ba za ta rataya ga wannan dutse ko ga Urushalima ba. Wani bishof na dā, Giregori na Nisa, ya je Urushalima wajen shekara ta 380, ya komo ya rubuta wa 'yan'uwa cewa sauya wuri ba ya kawo mutum kusa da Allah. Jerom kuwa, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya zauna a Baitalami fiye da shekara 30, yana ganin sanin ƙasar yana buɗe wa mai karatu ido. Mu mun yarda da su duka biyu.

Saboda haka ga ra'ayinmu. Wanda Allah ya hore wa, ko wanda aka biya masa, ya tafi da murna, ya ɗauki Littafinsa da takalmi mai daɗin tafiya, ya kuma roƙi a ba shi lokaci a Galili fiye da na kantunan tsaraba. Amma maigidan da zai sayar da shanun noma, ko ya tsai da kuɗin makarantar yara, ko ya ci bashin da uwargida za ta yi shekara uku tana tayawa biya, domin haruffa biyu, muna roƙonsa ya sāke shawara da iyalinsa da dattawan ikilisiya. Dattawa su ma su lura kada kujerun gaba su zama na masu JP. Waɗanda kuma ke shiga ayarin da nufin su ɓace a can neman aiki, sun jawo wa masu tsaya musu wahala, sun kuma sa ana tsananta wa na bayansu.

Akwai abu guda da ba ya cikin yawancin jerin wuraren da ake kai mutane. A Baitalami da Nazarat da Urushalima akwai masu bi Larabawa, waɗanda kakanninsu suke wurin tun zamanin dā. A tsakiyar ƙarni na 20 su ne mafi yawa a Baitalami, yanzu sun koma 'yan kaɗan, da yawa sun yi ƙaura. A 2023 da 2024 ba a yi bikin Kirsimati a dandalin garin ba saboda yaƙin Gaza, masu sassaƙa itacen zaitun suka zauna ba ciniki. Duk ƙungiyar da za ta tafi daga Jigawa, ta roƙi jagoranta tun kafin a tashi ya keɓe safiyar Lahadi guda a yi sujada tare da su. Da Larabci suke yi, amma Bahaushe ba zai ɓata ba: zai ji suna cewa Allah, da Almasihu, da Injila, da Amin.