Ƙafa Ce Ta Riga Ƙwaƙwalwa

Duk wanda zai koyar da labarin halitta a makaranta, lalle wata rana yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai gaskiya ne daga biri mutum ya fito?" Ya kamata mu san abin da masana suka faɗa tukuna, don ba haka suka ce ba. Abin da suka ce shi ne, mutum da manyan birai na yau tushensu ɗaya ne can da nisa, sa'an nan zuriyar ta rabu shekara wajen miliyan 6 ko 7 da suka wuce, kowa ya kama hanyarsa. To, da aka rabu, me ya fara bambanta namu reshen? Girman ƙwaƙwalwa ne, ko kuwa tafiya a tsaye bisa ƙafa biyu?

Masanan Turai na dā sun ƙi shakka cewa ƙwaƙwalwa ce. A ganinsu hankali ne ya ɗaukaka mutum, saboda haka shi ne zai fara zuwa. Wannan zato kuwa ya jefa su cikin rami. A 1912 wani lauya, Charles Dawson, ya kawo gutsattsarin ƙoƙon kai da muƙamuƙi, ya ce a wani ramin tsakuwa ya same su a Piltdown, cikin Ingila. Ƙoƙon babba ne irin na mutum, muƙamuƙin kuwa irin na biri. Abin da ake nema ke nan, aka karɓa hannu biyu-biyu.

Bayan shekara 12, watau a 1924, masu fasa dutsen farar ƙasa a Taung, Afirka ta Kudu, suka tono wani ɗan ƙaramin ƙoƙon kai, aka aika wa Raymond Dart, malamin da ke koyar da sassan jiki a Johannasbag. Na yaro ne, ƙwaƙwalwarsa ba ta fi ta biri da yawa ba, amma haƙoransa sun yi kama da namu. Ga kuma abin da ya fi jan hankalin Dart. Ku shafa ƙeyarku. A gindin ƙoƙon kai akwai wata kafa inda laka ke bi ta gangara cikin ƙashin baya. Ga dabbar da ke tafiya da ƙafa huɗu, kafar nan tana can wajen baya, don kai yana rataye ne a gaban jiki. Ga mutum kuwa tana ƙarƙashi, don kai yana zaune bisa wuya kamar tulu bisa gammo. Kafar yaron Taung ta matso ƙarƙashi. Dart ya ce wannan halitta a tsaye take tafiya. Manyan masanan Ingila suka ce ɗan biri ne kurum. Ba su da laifi duka, gama ƙashi ɗaya ba ya isa hujja, amma ni a ganina Piltdown ne ya rufe musu ido.

Asirin ya tonu ne ta hanyar awo. Ƙashin da ya daɗe a binne yana shan wani sinadari, fulorin, daga ruwan ƙasa, iyakar daɗewarsa iyakar yawan abin da ya sha. Aka auna ƙasusuwan Piltdown, sai aka ga abin da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai. A 1953 aka bayyana wa duniya cewa ƙoƙon na mutum ne sosai, muƙamuƙin kuma na wani babban biri ne na Asiya. An goge haƙoran da magagari, an rina ƙashin don ya yi kama da tsoho. Shekara 41 ana karanta ƙarya cikin littattafai!

Yaya ake sanin shekarun ƙashi na gaskiya? Mai haƙar rijiya ya san ƙasa hawa-hawa take, ta ƙasa kuma ta riga ta bisa kwanciya. Wannan yana nuna wanda ya girmi wani, amma ba ya ba da lissafi. Lissafin yana samuwa daga tokar duwatsu masu aman wuta. Cikin tokar akwai wani irin fotashiyam wanda yake rikiɗa a hankali, wani kashi nasa yana zama iskar da ake kira argon. Rabinsa yakan rikiɗa cikin shekara miliyan 1,250, zafi ko sanyi ba su sāke wannan gudu. Sa'ad da dutsen ya yi amai, zafin yakan kore tsohuwar iskar, lissafi ya soma daga fari. In an auna fotashiyam da argon da ke cikin toka, an san lokacin da ta zuba. Ƙashin da ke tsakanin toka biyu kuwa, shekarunsa na tsakanin nasu.

An gwada wannan a kwazazzabon Olduvai, a ƙasar da a lokacin ake kira Tanganyika, yanzu Tanzaniya. A 1959 Mary Leakey ta sami ƙoƙon kai a can mai manyan turame, bayan ita da mijinta Louis sun yi shekaru fiye da 20 suna nema. A 1961 masana a Kalifoniya suka auna tokar wurin, ta ba da shekara miliyan 1.75, watau ya fi abin da ake zato nesa ba kusa ba.

Daga nan hujja ta yi ta ƙaruwa. A 1974 aka sami kashi 40 cikin ɗari na ƙasusuwan wata mace a Hadar, ƙasar Habasha, wadda aka laƙaba wa suna Lucy. Shekarunta miliyan 3.2, tsayinta bai wuce ƙafa uku da rabi ba, ƙwaƙwalwar irinta kamar sulusin tamu, amma ƙashin ƙugunta na mai tafiya a tsaye ne. Wadda ta fi burge ni ita ce ta Laetoli, kusa da Olduvai. A 1978 mutanen Mary Leakey suka buɗe sawu a cikin toka mai shekara miliyan 3.6. Dutse ya yi amai, ruwa ya yayyafa, waɗansu suka taka suka wuce, wata tokar ta rufe. Ga dunduniya, ga babban yatsa a jere da 'yan'uwansa, bai ware gefe irin na biri ba. Kowane maharbi da ya san sawu zai ce na mutum ne. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta fara girma sosai ba sai wajen shekara miliyan 2 da suka wuce.

Maƙwabtanmu ma suna cikin labarin. A 2001, cikin hamadar Jurab a arewacin Cadi, aka tono ƙoƙon da ake kira Tumai, mai shekara wajen miliyan 7. Kafar ƙeyarsa ita ma ta matso ƙarƙashi, ko da yake har yanzu masana suna gardama a kan yadda yake tafiya. Mutum irinmu kuwa, mafi tsufan ƙasusuwansa da aka samu sun fito ne daga Maroko, kuma awon da aka bayyana a 2017 ya ba su shekara wajen 300,000.