Goma sha bakwai a Poli, ɗari da saba'in a Yola

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Yola da Garwa, ko daga barci ka tashe shi zai canza maka naira zuwa sefa. Amma akwai wani canjin da ba mu koya wa iyalinmu ba, bara kuwa saura ƙiris ya ja mini babbar asara.

Bari in fara da taya. Kafin ka sauka daga kwaltar Garwa zuwa Ngaundere ka kama hanyar Poli, hedikwatar yankin Faro, ai sai ka duba iska. Wanda ya saba da masu faci na Najeriya zai ce a sa masa 32, wato ma'aunin PSI, na Ingila da Amurka. Mai facin Kamaru kuwa da bar ya saba, irin na Faransa. Bar ɗaya PSI 14.5 ne. Ka raba 32 da 14.5, ka sami bar 2.2. In kuma ka ga an rubuta kPa a jikin ƙofar direba, bar ɗaya 100 ne, ke nan 220. Iska ɗaya ce, suna uku.

To, wannan na taya ne. Na jini ya fi shi haɗari.

Uwargidana ta daɗe da hawan jini. Ina Yola sayen kaya, ta je awo a Poli aka ce mata 17 da 10. Babban ɗanmu ya ji a waya, ya ce, "Baba, ai jinin Inna ya faɗi warwas! Nan 120 ake cewa lafiya. Ta bar ƙwayar nan." Har na yarda. Allah ya sa na biya wurin wani likita. Ya tambaye ni, "Alhaji, a Kamaru aka auna ta?" Na ce e. Ya ce, "Ƙara sifili."

Ashe likitocin ƙasashen renon Faransa da santimita suke faɗin awon jini, na Najeriya kuma da milimita. Abin da ake ce wa 12/8 a Garwa shi ne 120/80 a Yola. Nata 17/10 kuwa 170/100 ne, alhali daga 140/90 ake kiransa hawan jini. Da ta bar magani a wannan hali, shanyewar ɓarin jiki muke gudu.

'Yan'uwa, in aka ba ku lamba, ku tambayi ma'auninta. Ku sa a rubuta muku a kati, kada kuma kowa ya daina magani da shawarar waya sai likita ya ce. Tambaya ba ta ɓatar da matafiyi. Allah ya ƙara mana lafiya, ya kai mu gida da rabonmu.