Ƙwayar da Ke Saƙa Tabon Hanta

Tun da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Rezdiffra a watan Maris na 2024, wasu ke ta murnar wai an samo maganin ciwon hanta. Maganin na masu kitsen hanta ne waɗanda tabo ya fara kama su, kuma aikinsa rage kitsen da ke raunata hantar. Amma mai saƙa tabon wata ƙwayar halitta ce mai rassa kamar tauraro, wadda ke zaune tsakanin ƙananan hanyoyin jini da ainihin ƙwayoyin hanta. Bajamushe Karl von Kupffer ya fara bayyana ta a 1876, daga baya ya rikita ta da wata ƙwayar. Toshio Ito na Japan ya sake gano ta a 1951, sai a 1971 Kenjiro Wake ya tabbatar cewa abu ɗaya su biyun suka gani.

Idan hanta na lafiya, wannan ƙwaya ce rumbun mafi yawan bitamin A na jiki. Da rauni ya zo, sai ta saki ajiyarta, ta shiga fitar da zaren kolajin don ɗinke wurin. Idan raunin ya ƙi ƙarewa, ko na ƙwayar cutar hanta nau'in B, ko na giya, ko na kitse, ba ta daina ɗinkin, har hanta ta ƙandare, jini ya kasa ratsawa, ciki ya cika da ruwa, a kai ga aman jini.

Wani zai ce tabo in ya zauna ya zauna ke nan. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2013 ya nuna akasin haka: cikin masu cutar B 96 da hantarsu ta ƙandare, 71 sun fita daga wannan mataki bayan shekara biyar suna shan maganin tenofovir. Da aka danne ƙwayar cutar, saƙar ta lafa. Shi ya sa jiƙe-jiƙen "wankin hanta" da ake tallatawa a kasuwanninmu yaudara ne, domin ba datti ne ya taru a hantar ba, wasunsu ma sabon rauni suke ƙarawa.

A ƙasar Hausa cutar B ce babbar damuwa, kuma yawanci tun ana jarirai ko ƙananan yara ake kamuwa da ita. Nijeriya ta sa rigakafinta cikin alluran yara tun 2004, amma allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake son a yi ta, alhali mata da yawa a gida suke haihuwa. Wajibi ne hukumomin lafiya su haɗa kai da ungozomomi allurar ta riƙa isa ɗakin mai jego ranar haihuwa, su kuma sauƙaƙa kuɗin gwaji da na tenofovir. Mai gida kuwa ya kai iyalinsa gwaji tun ido bai yi shawara ba.