Shin Ko Kun San? Kafin Ku Ɗauko 'Yar Kyanwa Gida

Shin ko kun san ana haihuwar 'yar kyanwa da idanu a rufe, ba ta buɗe su sai bayan kwana 7 zuwa 10? A Anka da Gummi da Bukkuyum na jihar Zamfara ba a cika sayen mussa ba, kyauta ake bayarwa: ta maƙwabta ta haihu a gindin rumbu, yara su ruga su ɗauko ɗaya. Gaggawar nan ce ke kashe 'yan kyanwa da yawa. Kada a raba ta da uwarta sai ta cika wata 2, in da hali ma a bari ta kai 3. In har yanzu idonta shuɗi-shuɗi ne irin na jarirai, wataƙila ba ta kai ba, don launin yakan fara juyewa ne wajen mako 6 zuwa 7.

Shin ko kun san tsakanin mako 2 da mako 7 ne take sabawa da mutane? Wadda aka haifa a tsakar gida, ana ɗaukarta ana shafa ta, ita ce ta gidan yara. Wadda ta tashi a kango ba ta taɓa jin hannun mutum ba, yakushi za ku sha.

Mai rumbun gero da dawa, ko mai ajiye buhunan shinkafar fadamar Gummi, uwar zai duba kafin 'yar. Uwa ce ke kawo wa 'ya'yanta ɓera da ransa su koyi kamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ajiye kyanwa cikin hanyoyin korar ɓeran da ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Amma a daina cewa sai an bar ta da yunwa take farauta. Ƙosasshiya ma tana kamu, mayunwaciya kuwa tukunyar miya za ta nufa.

Gidan da ke da 'yan tsaki da tantabaru fa? Ƙarama za ku ɗauko ta tashi tare da su, kuma duk da haka a rufe akurki. Babban da ya riga ya ɗanɗana, sai dai tuban muzuru.

Shin ko kun san kyanwa mai launi uku, fari da baƙi da ja, kusan kullum mace ce? Fara fat mai shuɗin ido kuwa sau da yawa kurma ce: ku tafa hannu a bayanta ku ga ko za ta waiwayo. Baƙar da ake gudu ana cewa ta aljanu ce, ni dai tausayi take ba ni; ba abin da ya raba ta da sauran sai launin gashi.

Ku buɗe ido wajen dubawa. Kwantsa a ido, majina, ko ciki ya kumbura alhali jiki a rame, duk alamun ciwo ne. In gashi ya zube ya bar da'ira, makero ne, kuma yana kama yara.

Ga wadda ta fi shafar yankinmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta da Abare ta Anka, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Agwagi ne suka fara mutuwa kafin a gane abin da ke cin yara. Kyanwa na birgima a ƙasa, ta lashe jikinta, sannan ta hau shimfiɗar jariri. Don haka ku tambayi ko ana taɓa dutse a gidan da za ta fito, in kuma dabbobin gidanku suka fara mutuwa ba dalili, a kai yara asibiti a gwada jininsu.

Shin ko kun san ƙwaya ɗaya ta farasitamol na iya kashe kyanwa? Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, madarar shanu na sa yawancinsu zawo, fiya-fiya kuwa kada ya kusance ta. Tuwo kaɗai ba ya riƙe ta, jikinta na bukatar nama ko kifi.

Mace mai juna biyu ta bar wa wani kwasar kashin kyanwa.

Malamanmu na kawo hadisin da ke cikin Muwaɗɗa na Imamu Malik cewa kyanwa ba najasa ba ce, suna kuma kawo na matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Wanda ba zai iya ciyarwa ba, don Allah ya bar ta wurin uwarta.

Da ta kai wata 3 a nemi malamin dabbobi ya yi mata allurar ciwon haukan kare, don kyanwa ma tana kamuwa. In ta ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti.

Mace ko namiji? Macen na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, ta haihu bayan kwana 63 zuwa 65, kuma fiye da sau ɗaya a shekara. Muzuru kuwa in ba a fiɗiye shi ba, yawo da faɗa da fitsarin bango ne aikinsa.